Kaza Mai Shuɗin Ƙwai: Yadda Za Ki Gane Jinsi Ce Ko Ruwa Biyu Kafin Ki Tura Kuɗi

Ranar da sagarata ta fara ƙwai, Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta tsince shi a bayan randa. Ta fito da shi tsakar gida a tafin hannu tana jujjuya shi a hasken hantsi. Shuɗi ne fes, irin na sararin sama in an ɗauke ruwa. Ta ce, "Wanga ƙwai, wa yas sa mai bula?" Na ce, "Inna, ba wanda ya taɓa shi, haka kazar ta yi abinta." Ta jiƙa bakin zanenta ta goge, ta ƙara gogewa, launi ko gezau. Sai ta ajiye shi a kan faifai, ta ce ita kam sai ta ga wani ya ci ya kwana lafiya.

Wannan gogewa da Inna ta yi ita ce gwaji na farko da zan koya miki. Amma bari in fara gaya miki yadda ƙwan ya iso gidanmu a Argungu, don a nan ne na yi wautar da ba na so ki maimaita. (Ina cewa "ki" ne saboda akurkin bayan ɗaki yawanci namu ne mata. Maza masu kiwo, ku ma ku matso.)

Wani mai sayar da kajin ado ne ya turo mini hoto a waya: faranti cike da ƙwai, wannan shuɗi, wannan kore, wancan kamar an shafa masa toka. Ya ce sunan kazar Ameraucana, tsantsarta ce, ba gauraye. Ban tambayi komai ba. Na tura kuɗin ƙwai takwas, ya ba direba daga Kaduna, cikin kwali da garin katako, maigida ya je tasha a Birnin Kebbi ya karɓo. Ɗaya ya fashe a hanya. Sauran bakwai, duka shuɗaye, na sa wa wata kazar gida da ta shiga kwanci. Kwana 21 cif, biyar suka ƙyanƙyashe, kuma ba biyu da suka yi kama da juna. Wannan da gemu, wancan fuska fayau. Wannan ƙafa ruwan toka, wancan ƙafa rawaya. Uku mata, biyu zakaru. Da suka kai wata shida, ta farko ta yi shuɗin da Inna ta tsinta, ta biyu ta yi kore kamar ɗanyen mangwaro, ta ukun kuwa ta yi ruwan ƙasa, irin wanda mai shayi ke soyawa a bakin titi.

Na kira mutumin. Ya ce, "Hajiya, ai haka jinsin yake, kowace da nata launi." Rabin maganarsa gaskiya ce: irin kajin da ya sayar mini haka suke. Ƙaryar tana cikin kalmar jinsi da kuma sunan da ya laƙaba musu.

Ƙanena, wanda ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, shi ya warware mini, kuma da tumaki ya yi misali. Ya ce, "Yaya, in kika haɗa ragon Uda da tunkiyar Uda, me za ta haifa?" Na ce Uda mana, gaba baƙi ko ja, baya fari, kunne zarar-zarar. Ya ce to 'yar tata fa, in ta girma aka ba ta wani Uda? Na ce Uda dai. Ya ce to wannan shi ne jinsi: abin da zai haifi kamarsa, jikansa ma ya fito kamarsa, har mutum ya iya faɗin siffar ɗa tun yana ciki. Balami haka, Bokolo haka, jar akuyar Sakkwato haka. In kuwa kika haɗa Uda da 'Yankasa, za ki samu tunkiya mai kyau, mai nama, mai kuɗi ranar kasuwa, amma 'ya'yanta kowanne zai kama gabansa. Ba aibi ba ne. Ruwa biyu ce kawai, kuma ba wanda zai biya ta farashin Balami don mai ita ya rantse.

To kajin nan da ke yin ƙwai kala-kala, a Amurka suna da sunansu: Easter Egger. Sunan ya samo asali ne daga bikin Ista, lokacin da Kiristocin can ke rina ƙwai launi-launi don yara. Duk kazar da ta gaji shuɗin ƙwai daga wani kakanta, amma jikinta bai cika sharuɗɗan wani jinsi ba, ita ce Easter Egger. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, wadda aka kafa a 1873, tana da littafin da ta rubuta siffar kowane jinsi dalla-dalla, daga zanko har launin ƙafa. Easter Egger ba ta ciki. Suna ne na kasuwa, kamar yadda muke cewa kajin gida mu haɗa durgu da mai tsiraicin wuya da kazar Fulani duk a kwando ɗaya.

Masu shuɗin ƙwai da aka yarda jinsi ne, waɗanda za ki ji ana ambata, uku ne. Araucana ita ce uwa, asalinta ƙasar Chile a Kudancin Amurka, wajen mutanen Mapuche. Irin wadda Amurkawa suka yi wa rajista a 1976 ba ta da jela sam, kuma tana da wasu tuttun gashi da ke fitowa ta gefen kunne. Wannan gashin kunne yana da haɗari: tsakon da ya gaje shi ta uwa da uba duka, yawanci a cikin ƙwai yake mutuwa, shi ya sa Araucana ta gaske take wuyar samu ko a can. Sai Ameraucana, wadda aka tace a Amurka a shekarun 1970, aka karɓe ta a 1984: tana da jela, da gemu, da saje, ƙafarta ruwan toka mai duhu zuwa baƙi, kuma launin gashinta ƙayyadajje ne, ba kowane zane ba. Ta uku Cream Legbar ce, aikin masana a Cambridge ta Ingila, mai ɗan tukku a ka, wadda tun ranar ƙyanƙyasa ake rabe mace da namiji ta zanen bayansu. Duka ukun shuɗi ake nema a wajensu. In an ce miki garke ɗaya na Ameraucana yana ba da shuɗi da kore da ruwan hoda da ruwan ƙasa, to an gaya miki da baki cewa gauraye ne.

Yanzu ga yadda za ki duba. Fara da ƙwan. Ki goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar Inna, don rini na tashi. Sannan ki fasa ɗaya, ki ɓare fatar nan fara siririya da ke manne a ciki, ki dubi ɓawon ta ciki. Shuɗin ƙwai na gaskiya ciki da waje shuɗi ne, domin launin yana shiga ne tun ana gina ɓawon. Sinadarin irin wanda ke sa matsarmama ta yi kore ne, wadda kike cirewa a hankali in kina gyaran kaza kada ta fashe ta ɓata hanta. Ruwan ƙasa kuwa shafe ne, a awannin ƙarshe kafin ƙwai ya fito ake shafa shi, shi ya sa ƙwan kajin gidan gona waje ja, ciki fari. Koren ƙwai haɗin biyun ne: shuɗin ɓawo da shafen ruwan ƙasa a kai. Fasa shi ki gani, cikinsa shuɗi ne. In shafen ya yi kauri, kamar na kazar Marans ta Faransa mai ƙwai kamar cakulan, sai ya ba da kore mai duhu irin na zaitun, masu sayarwa su ce Olive Egger. Ita ma ruwa biyu ce, sunan ma daga launin ƙwan aka ciro shi.

Saboda haka koren ƙwai da kansa shaida ne. Duk inda kika gan shi, akwai jinin mai jan ƙwai a gidan.

Sai ki dubi kazar. Ba hoton da aka ɗauko daga intanet ba: ki ce a ɗaukar miki bidiyon uwar da uban a cikin kejinsu, yau, da hannun mai su a ciki. Ki dubi zanko. Na Ameraucana da Araucana gajere ne, kwance, mai layi uku na 'yan ƙulle-ƙulle kamar an jera ƙwayar wake, ba dogo mai haƙora irin na zakaran gida ba. Ki dubi ƙafa: rawaya ko mai kore-kore a jikin wadda aka ce Ameraucana ce, alamar gauraye ce. Mafi sauƙi ma, ki dubi garken gaba ɗaya. Jinsi kamar 'yan makaranta ne cikin yunifom. Nawa kuwa kamar taron biki.

Ki kuma yi tambaya ɗaya da ni ban yi ba: zakara nawa ne a kejin, kuma shi zakaran daga wane launin ƙwai ya fito? Mai kiwon da ya san abinsa zai amsa nan take. Wanda ya fara kame-kame, ko dai bai sani ba, ko ba ya so ki sani.

Dalilin tambayar yana cikin yadda gadon yake tafiya, kuma nan ne ya kamata ki zauna ki natsu, don duk ribar ko asarar tana nan. Kowane tsako yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar shuɗi mai rinjaye ce: ko ɗaya kaza ta samu, za ta yi shuɗi ko kore. Kenan kaza mai shuɗin ƙwai iri biyu ce, mai ƙwaya biyu da mai ƙwaya ɗaya, kuma ido ba ya rabe su. Mai biyu, duk 'ya'yanta mata za su yi shuɗi ko kore, ko da wane zakara aka haɗa ta. Mai ɗaya, in zakaran gida ya bi ta, kusan rabin 'ya'yan ne za su gada. In uwa da uba duka masu ɗaiɗai ne, a cikin huɗu ana sa ran uku su samu, ɗaya ta fita fayau. Abin da ya faru da ni kenan. Ƙwan da na saya shuɗi ne, ƙwarai, amma launin ɓawo labarin uwa yake bayarwa, ba na tsakon da ke ciki ba. Tawa ta ukun ta fito daga shuɗin ƙwai, ba ta ɗauko komai ba.

Abu biyu da na ji mata na faɗa a gidan suna, duka ba haka ba ne. Zakara ba ya canja launin ƙwan kazar da ya bi. Sai a 'ya'yansa mata ake ganin aikinsa. Kuma kaza ɗaya ba ta yin shuɗi yau, kore gobe. Launin da ta fara da shi, da shi za ta tsufa, sai dai ya ɗan koɗe in ta daɗe tana zubawa, ya dawo bayan ta huta ta sake gashi. Abinci ba ya mayar da fari shuɗi. Asalin abin ma, masu bincike a China da Ingila sun gano a 2013 cewa wata tsohuwar ƙwayar cuta ce ta maƙale cikin gadon kakannin kajin tun da daɗewa, ita ta buɗe wa launin hanya zuwa ɓawo. Ba ciwo ba ne, ba ya cutar da kaza ko mai ci. A China ma akwai kajin da ke yin irin wannan ƙwai, kamar Dongxiang da Lushi.

In kin riga kin saya kamar ni, kada ki yanka su don haushi. Ana iya tsayar da launin a gida, sai dai aikin haƙuri ne. Matsalar tana wajen zakara, tunda shi ba ya ƙwai balle ki gani. Ga yadda ake gwada shi. Ki ware kajin gida uku ko huɗu masu farin ƙwai, ki kulle su inda ba zakaran da zai kai gare su har mako uku, domin kaza na riƙe ruwan zakara a jikinta kusan tsawon haka. Wannan mataki shi ne mai wuya a unguwa irin tamu. Karon farko jan zakaran maƙwabta ya tsallako katanga ana sallar azahar, ya mayar da ni farko. Sai da na rufe saman kejin da ragar waya. Bayan mako ukun, ki sa musu zakaran da kike son gwadawa, ki bar kwana uku, ki fara tara ƙwai. Ki rubuta kwanan wata a jikin kowanne da fensir, ki ajiye su tsini ƙasa a wuri mai sanyi, gindin randa ya isa, kada su wuce mako guda kafin ki sa wa mai kwanci. Kazar gida tana rufe goma zuwa goma sha biyu. A kwana na bakwai zuwa goma ki haska su da fitilar waya cikin duhu, ki cire wanda ba jijiya a ciki.

Daga nan sai jira: kwana 21 na kwanci, wata biyar zuwa shida kafin 'yan matan su fara. In wasu sun yi shuɗi ko kore amma ko ɗaya daga cikinsu ta yi fari ko ruwan ƙasa, zakaranki mai ƙwaya ɗaya ne. In bai ba da shuɗi ko ɗaya ba, ba shi da ita, ya zama na Sallah. In kin samu 'ya'ya mata bakwai ko takwas kuma duka shuɗi ko kore suke yi, kin tsinci dami a kala, ki riƙe shi hannu biyu. Biyu ko uku ba su isa hujja ba, sa'a na iya kawo haka.

Akwai gajeriyar hanya da ke taimakawa kafin wata shidan. A kajin da suka fito daga tsatson Araucana, ƙwayar shuɗi da ta gajeren zanko maƙwabtan juna ne, galibi tare suke tafiya. In kin haɗa da kajin gida masu dogon zanko, 'yan tsakin da suka fito da zanko mai ƙwayar wake su ne kike sa wa rai. Ba kullum ba ne, Cream Legbar ma dogon zanko gare ta kuma shuɗi take yi, amma ni ya rage mini dusa. Ina ɗaura wa waɗanda na zaɓa zaren lilo a ƙafa, ja ga 'ya'yan wannan, baƙi ga 'ya'yan waccan, ina sassautawa in ƙafar ta yi kauri, kuma ina rubutawa a bayan tsohon littafin darasi. Wanda ba ya rubutu, bayan zubi biyu ba zai san uwa ba balle kaka. Kuma kada ki yi ta haɗa wa da ƙanwa zubi bayan zubi: ƙyanƙyasa za ta ragu, 'yan tsaki su yi ta mutuwa ba dalili. Ki nemi mai irin kajin a wani gari ku yi musayar zakara.

In kin yi haka shekara da shekaru, har kajinki suka zama kamanni ɗaya, girma ɗaya, ƙwai launi ɗaya, kin kama hanyar da Ameraucana ta bi, don ita ma daga irin waɗannan gaurayen aka zaɓo ta. A ƙasar nan ma an yi: Shika Brown daga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, wadda aka yi wa rajista a 2018 bayan shekaru ana zaɓe. Amma ki lura, suna kawai ba ya mayar da kaza mai haifar kamarta. Isa Brown da ke cike gidajen gona tana kai ƙwai kusan 300 a shekara, duk da haka haɗi ce ta kamfani. Ki ƙyanƙyashe ƙwanta ki ga 'ya'yan ba su kamo ta ba. Duk manomin da ya taɓa ajiye irin masarar kamfani ya shuka a damina ta biyu ya san wannan labari.

Ni a ganina, a nan Kabi ruwa biyun ma ta fi mana. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma kaza ta zanko da baki take fitar da zafi. Gajeren zanko da gemu da saje kayan ƙasar sanyi ne. Mai gemuna ita ke fara buɗe baki tana haki tun ƙarfe goma sha ɗaya, sai na jiƙa mata buhu na rataya a jikin keji, na sauya ruwa sau uku a yini. Jikokin da suka ɗauko jinin kazar gida kuwa suna can gindin darbejiya suna tono, sun san shaho, sun san kwanci. Dukansu dai allura ɗaya suke so: rigakafin farin kashi kafin hunturu ya shigo, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ke yi kuma ma'aikatan dabbobi ke da shi, da na ciwon Gumboro ga 'yan tsaki. Duk sabuwar kaza, ko daga kasuwar Jega ko daga Kaduna, ki tsare ta gefe mako biyu kafin ta shiga cikin naki.

Sai batun sayarwa. Gwaiduwa da farin da ke ciki ɗaya ne da na kowane ƙwai. Abin da kaza ta ci shi ke sauya su, ba launin ɓawo ba. Wata ta zo har gida ta ce ta ji shuɗin ƙwai maganin hawan jini ne, in sayar mata kiret. Na ce, "Gwaggo, in don magani ne, ki je asibiti. In don jikokinki su yi murna ne, ga guda huɗu." Wanda ya zo sayen na ƙyanƙyasa kuma, ina gaya masa ruwa biyu ne, uwar ga ta, uban ga shi, kuma a cikin matan da zai samu wata na iya yin fari. Wasu na juyawa su tafi wajen mai cewa tsantsa. Wasu na saya, kuma har yau ba wanda ya kira ni da dare yana huci.

Zakaran da nake gwadawa yanzu, baƙi ne mai gajeren zanko, 'ya'yansa mata shida ne a keji. Huɗu sun fara, duka shuɗi mai ɗan kore-kore. Saura biyu, zankonsu ya fara ja, ba za su wuce mako biyu ba. Inna ce ke riga ni zuwa akurki da asuba. Jiya ta fito da ƙwai biyu a gefen zane, ta ce a dafa mata koren, shi ya fi daɗi. Na ce, "Inna, ai duk ɗaya ne." Ta ce, "Ke dai dahwa min shi."